Filash mai "Windows ashirin a ciki ɗaya": wa ya haɗa shi?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in yi magana a kan wani abu na sana'ata. Ni mai gyaran kwamfuta ne a nan Katsina, shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura, kuma na haura shekara ashirin ina cin abinci da wannan aiki. Ban saba rubuta wa jarida ba, in maganar ta yi tsawo a yi mani afuwa.

Makon jiya yaron shagona ya shigo bakinsa har kunne, ya ajiye mani wani jan filash a kan tebur, ya ce, "Maigida, wahala ta ƙare. Windows ashirin ke cikin nan, daga 7 har 11, kuma duk a buɗe suke, ba ruwanka da lasisi." Na ce ina ya samo shi. Ya ce wurin wani mai turi, cikin masu tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya. Na ce to wa ya haɗa? Ya ce shi ma mai turin daga Kano aka kawo mashi. Na ce na Kanon fa, a ina ya samu? Sai ya hau sosa ƙeya. Na san ba shi kaɗai ba ne. Irin wannan filash yana yawo a shaguna da yawa a garin nan, kuma da shi ake ɗora wa kwamfutocin mutane babbar manhajar da komai nasu zai zauna a kai, tun daga hotunan iyali har asusun banki.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba haɗa manhajoji da yawa a abu ɗaya nake ƙi ba. Ni kaina na daɗe ina yi, kuma ban san wata dabara da ta sauƙaƙa wa mai gyara rayuwa kamarta ba.

Lokacin da na fara, jakar faifai nake yawo da ita, irin mai zif ɗin nan. Windows 98 faifansa daban, Windows 2000 daban, XP Home daban, XP Professional daban, ga na direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ya gane sassan kwamfuta, ga na Office, ga Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, wata babbar manhaja kishiyar Windows, da kamfanin Canonical ke aiko wa mutane kyauta ta gidan waya a wancan zamani. Faifan CD megabait 700 yake ɗauka, XP ɗaya ya kusa cika shi. Wata rana da hunturu aka kira ni Daura in gyara kwamfutoci bakwai a wata makaranta. Na shiga mota tun da sassafe, na isa, aka tayar mani da janareta da man da aka auna. Ta farko ta tafi lafiya, ta biyu ma haka. A ta uku, bayan XP ya nuna saura minti 39 ɗin nan nasa da duk tsohon mai gyara ya sani, sai ya tsaya cik, wai ya kasa kwafar wani fayil. Na fiddo faifan na ɗaga shi a hasken taga, sai ga zane siriri kamar an ja allura, ƙurar hanya ta shiga jaka ta yi aikinta. Na huhhura, na goge da gefen riga, har makilin na aika aka sayo mani na shafa, don haka muke yi in ta ɓaci. Shugaban makarantar yana tsaye a kaina yana duban agogo yana duban janareta. "Malam, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, ranka shi daɗe, alhali zufa ta jiƙa mani baya cikin wannan sanyi. Ranar sai da na koma Katsina, na dawo washegari da kuɗin motata.

Bayan wannan ne na zauna na koyi haɗa faifai ɗaya mai ɗauke da da yawa, in buga kwafi uku ko huɗu, in ɗaya ya mutu in jawo wani. Mutane kan ɗauka siddabaru ne, ta yaya abin da ɗayansa ya cika CD za a ce biyar sun shiga wuri ɗaya? Ba wani tsafi. XP Home da XP Professional tuwonsu ɗaya ne, miya ce ta bambanta. Mafi yawan fayilolin da ke cikin wannan su ne a cikin wancan, ba ƙari ba ragi. Saboda haka manhajar da ke shirya faifan, in ka umarce ta, sai ta duba duk fayilolin da suka zo iri ɗaya ta rubuta guda ɗaya tak, sauran wuraren kuma ta bar masu ishara zuwa gare shi. Tuwo malmala ɗaya, kwanukan miya biyar. Shi ya sa faifan ba ya cika.

Saura kuma yadda kwamfuta za ta san wanne za ta ɗauka. In ka kunna ta, akwai ɗan wuri a faifan da take fara karantawa kafin komai. A faifan kamfani, daga nan kai tsaye take wucewa wurin ɗora Windows. Mu kuwa sai mu ajiye wata 'yar manhaja a wurin, irin su ISOLINUX ko GRUB4DOS, ta zama kamar dogari a ƙofar fada, ta tare ka ta ce wurin wa ka zo, ta jero maka sunaye ka zaɓa. Rubuta wannan jeri da hannu ake yi, harafi ɗaya ka kuskure faifan ya tashi a banza. Na ɓata faifai ba adadi. Yaran unguwa ke zuwa su kwashe su suna ƙawata kekunansu.

Da Windows 7 ya zo a 2009 sai abin ya ƙara sauƙi, don Microsoft da kansa ya riga ya yi rabin aikin. Duk nau'o'in suna dunƙule cikin fayil guda mai suna install.wim, shi ma da wannan dabara ta tuwo ɗaya aka gina shi. Wani ɗan mitsitsin fayil ne, ei.cfg, ke hana ka ganin sauran. Ka cire shi kawai, sai ga Starter da Home Basic da Home Premium da Professional da Ultimate sun jeru. Windows iri biyu ake yinsa gwargwadon injin kwamfuta, 32-bit da 64-bit: biyar ke nan a ɓangaren 32, huɗu a ɓangaren 64 tunda shi ba shi da Starter, kuma da ɗan ƙoƙari duka taran suna shiga DVD ɗaya mai gig 4.7. Wanda ya ga an rubuta "tara a ɗaya" a bayan faifai ya ɗauka an yi mashi wata gagarumar kyauta, nan kuwa iyakar abin ke nan.

Yau faifai ya zama tarihi. Windows 11 shi kaɗai ya haura gig 5, ya fi ƙarfin DVD na gama-gari, sai mai hawa biyu na gig 8.5, wanda samunsa ma aiki ne. Kwamfutocin cinya na yanzu kuma ba a yi masu wurin sa faifai. Aka koma filash. Da farko Rufus, wata manhajar shirya filash, muke amfani da shi, kuma har gobe ina girmama shi, sai dai manhaja ɗaya yake ɗora wa filash a lokaci guda, in kana son wata sai ka share ka sake. Ga kuma tarkon FAT32, tsarin ajiyar fayil a filash da ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gig 4, alhali install.wim na yanzu ya wuce haka. Mun yi fama da YUMI, mun yi da WinSetupFromUSB, kowanne da halinsa. Sai a 2020 Ventoy ya fito, kyauta, kuma gaskiya shi ya raba gardama. Sau ɗaya za ka ɗora shi a filash, amma ka sani zai share duk abin da ke ciki, don haka ka kwashe kayanka tukuna. Zai raba filash ɗin gida biyu, wani ɗan ƙarami na megabait 32 inda dogarin nan ke zaune, da babban da za ka riƙa zuba fayilolin ISO, wato kwafin faifai sukutum a fayil guda, kamar yadda kake tura waƙa. Ba ƙonawa, ba rubuta jeri. Ka soka a kwamfuta, ka danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo, sai ga sunayen duk abin da ka zuba. Aikin da nake kwana uku a kansa, yanzu yaro zai gama shi kafin shayi ya huce.

To tunda abin ya yi sauƙi haka, me ya sa za a je a sayi haɗin wanda ba a sani ba? Nan ne bakin zaren, Malam Edita.

Na ɗauki jan filash ɗin nan na ɗora ɗaya daga cikin Windows 10 ɗinsa a wata tsohuwar kwamfuta da nake gwaji da ita, ban haɗa ta da intanet ba. Ya hau lafiya, har da hoton bango mai kyau. Na kira yaron na ce zo ka gani. Muka nemi Windows Defender, mai gadin da ke zuwa da manhajar, babu shi, an tumɓuke. Muka je wurin sabuntawa, an toshe. Ga wasu manhajoji uku da ban sa ba, ban kuma san aikinsu ba. Ya ce, "Ai Maigida don ta yi sauri ne aka rage mata nauyi." Na ce haka ne, gidan da aka cire wa ƙyaure ma ya fi saurin shiga. Wanda ya zauna ya yi wannan aiki, ya raba shi kyauta a duniya, mene ne ribarsa? Ba zargi nake yi a kan iska ba. A 2023 kamfanin tsaron kwamfuta na Rasha, Doctor Web, ya fallasa wasu kwafin Windows 10 na sata da aka cusa wa ɓarawo. In ka kwafi adireshin asusun kirifto za ka tura kuɗi, sai ya musanya shi da na masu shi ba ka lura ba. Kuma a ɓangaren da kwamfuta ke tashi da shi aka ɓoye shi, inda manhajar kashe bairos ba ta cika leƙawa ba. Duk wanda ya san yawan samarinmu da suka shiga harkar kirifto a 'yan shekarun nan ya san wannan magana ta shafe mu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganar lasisi, don a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Yawancin kwamfutocin Beljiyam da ake kawowa, HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad, daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, kuma an riga an biya kuɗin Windows ɗinsu tun daga kamfani. Na zamanin Windows 7 za ka ga takardar lambar lasisin a manne a ƙasansu ko ƙarƙashin batir. Daga Windows 8 zuwa sama kuwa a cikin injin kwamfutar kansa aka dasa lambar. In ka ɗora Windows na asali, nau'in da ya dace da ita, da kansa zai karanto lambar, ya buɗe da zarar ya ga intanet. Sauke shi daga shafin Microsoft kuma kyauta ne, data kawai za ka ƙona. Wato mutum yana da halalinsa a hannu, sai mai gyara ya share ya ɗora mashi na sata, ya kuma karɓi kuɗin aiki. Na tabbata da yawa cikin abokan sana'ata ba mugunta ce ta sa su ba, ba su sani ba ne, don haka suka ga iyayen gidansu na yi.

Za a ce mani data ta yi tsada, kuma intanet ɗinmu sai a hankali, gig biyar ko shida ba wasa ba ne, ana cikin saukewa a ɗauke wuta ko sabis ya gudu. Gaskiya ne, ni ma da tsakar dare nake yin nawa. Amma ba dole kowa ya sauke da kansa ba. Kowane fayil na ISO yana da wata lamba tasa mai harufa da alƙaluma 64, ana kiranta SHA-256, kamar zanen yatsa take. Masu manhajar suna wallafa ta a shafinsu, Microsoft na yi, Ubuntu na yi, Linux Mint, shi ma wani nau'in Linux, na yi. Ka karɓi fayil ɗin daga hannun kowa, ko mai turin ne, ka buɗe PowerShell, wurin rubuta umarni da ke cikin Windows, ka sa umarnin Get-FileHash ya lissafo maka lambarsa, ka gwada da ta shafin. In an taɓa ko ɗigo ɗaya a ciki, lambar gaba ɗaya za ta canza. Duba shafin ba zai ci maka datar kirki ba. Shaguna goma za su iya haɗa kuɗi mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa, kowa ya tantance da idonsa. Kuma ba don kayan kasuwa kaɗai ake wannan ba. A Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint kansa, aka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen kwafi. In hakan ta faru da masu abin, ina ga wanda ya ratso hannu bakwai kafin ya iso Ƙofar Ƙaura?

Shi kansa filash ɗin a yi hattara da shi. Akwai na jabu da za a rubuta 64 ko 128 a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Zai karɓi duk abin da ka zuba bai ce uffan ba, sai ranar da kake gaban mai kaya ka ga fayil ya ƙi buɗewa. Akwai 'yar manhaja, H2testw, da ke cika shi taf ta karanto ta faɗa maka gaskiyarsa. Araha ba ta ado.

Nawa filash ɗin mai gig 64 ne, yana rataye da makullan shago. Akwai Windows 11 a ciki, da Windows 10 na ƙarshe wato 22H2, da Windows 7 saboda masu tsofaffin injinan yanka sitika da na ɗab'i da direbobinsu ba su san wani abu bayansa ba, su ma da sharaɗin kada a haɗa kwamfutar da intanet, tunda tun Janairun 2020 aka daina kula da shi. Akwai Memtest86+ na gwada lafiyar ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Sai Linux Mint da ɗan'uwansa Lubuntu. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne suka fi yi mani amfani, ko da ba ɗora su zan yi ba, domin suna tashi daga filash kai tsaye ba tare da sun taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba.

Bara wata ɗaliba ta zo mani da yamma, idanunta sun yi jawur. Kwamfutarta ta ƙi tashi, sai shuɗin allo, ga aikin binciken kammala karatunta a ciki, babi huɗu, ba ta da kwafi a ko'ina. Ta je wani shago an ce mata ba makawa sai an yi fomatin, har an soka filash, Allah ya sa ta ce a dakata. Ta ce, "Baba, don Allah ko babi na uku kaɗai a ceto mani, shi ne mai lissafin." Na ce zauna, 'yata. Na soka nawa, na zaɓi Linux Mint, muka jira kamar minti biyu. Na buɗe rumbun ajiyarta, sai ga jakar da ta sa wa sunan aikin, har da hotunan bikin yayarta. Ta sa hannu ta rufe baki. Muka kwashe komai zuwa wani wuri, sannan na yi mata fomatin ɗin da hankali kwance. Ban yi wata bajinta ba. Wancan mai shagon ma da yana da Linux ɗaya a cikin Windows ashirin ɗinsa da ya yi abin da na yi. Amma haɗin kasuwa ba don ceto aka yi shi ba, don sharewa da ɗorawa ne, a karɓi kuɗi a kira na gaba.

Maganar ta ƙara nauyi yanzu, tunda Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuma yana da sharuɗɗa, yana son TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro a cikin kwamfuta, kuma a injinan kamfanin Intel sai na ƙarni na takwas, wato zubi na takwas, zuwa sama. Kwamfutoci nawa ne a hannun ɗalibanmu da malamanmu 'yan ƙarni na huɗu ko na shida, lafiyarsu ƙalau? EliteBook 840 G3 da ta cika gari ta shida ce. Ba wanda zai jefar da ita don an ce a Amurka wa'adi ya cika. Rufus na iya tsallake waɗannan sharuɗɗa ya ɗora 11 ɗin, ina kuma yi wa wanda ya nema, bayan na gaya mashi cewa kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da kula da irin wannan ba. Wanda aikinsa bai wuce rubutu da intanet da kallon darasi ba, nakan tayar mashi da Linux Mint daga filash ya yi wasa da shi rabin awa, in ya yi mashi a ɗora. Wasu na karɓa, wasu na cewa a mayar masu da abin da suka saba. Mai shagon buga katin biki kuwa ba na ma fara yi mashi tayin, don CorelDRAW ne abincinsa kuma babu shi a Linux. Amfanin filash mai ɗauke da da yawa ke nan a wurina, kowa a ba shi abin da ya dace da injinsa da aikinsa, kuma ya gani da idonsa kafin a taɓa mashi komai.

Roƙona biyu ne. Manyan makarantunmu da ke koyar da kwamfuta, irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ta Tarayya da ke Daura, da ma ƙananan cibiyoyin koyon sana'a, su ware ko da yini ɗaya ne ɗalibi ya haɗa irin wannan filash da hannunsa, ya tantance lambar, ya ceto fayil daga kwamfutar da ta ƙi tashi. Ku kuma a jarida ku riƙa ba irin wannan bayani fili da Hausa, domin yawancin yaran da ke shagunanmu da ka suke koyon aikin, kuma abin da aka rubuta a kai kusan duk da Turanci yake. Mai kawo gyara shi ma yana da haƙƙin ya tambaya, wannan Windows ɗin daga ina, kuma an kwashe mani kayana kafin a share?

Jan filash ɗin dai mun gwada shi, ashe shi kansa na ƙwarai ne, gig 64 ɗinsa cif. Na sa yaron ya share shi, ya ɗora Ventoy, ya kwafi fayilolina. Sannan na zaunar da shi ya lissafo lambar kowanne, ni ina riƙe da waya ina karanto ta shafin, shi yana bi da yatsa a allo. A na Windows 11 ya gaji a tsakiya ya ce, "Maigida, ai farkon ya yi daidai." Na ce ƙarasa. Kuɗin da ya ba mai turi kuma ya ce zai koma ya karɓo, na ce ya bar shi, shi ma mai turin sayowa ya yi.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.